Shekarar da Bafaranshe Ya Zo Harbin Dinya

'Ya'yana, na daɗe da sanin abin da ake faɗa muku a kaina. Tun ina da ƙarfin ƙafa nake jin sa a bakin kasuwa, yanzu kuma da na zauna wuri ɗaya jikokina ne suke kawo mini shi har ɗaki: wai kakanku Haruna tuƙin ganganci ya yi, ya kashe wan matarsa, Turawa suka ƙwace masa lasin suka ɗaure shi. An ƙwace lasin, gaskiya ne. An ɗaure ni, gaskiya ne. Wan matata Ya'u kuma a ƙarƙashin kayan da ni na ɗauko ya cika. Amma gangancin ba nawa ba ne, kuma ba zan shiga kabari in bar muku wannan suna kuna yawo da shi ba. Waɗanda suka ga abin da idonsu duk sun riga ni, saura ni kaɗai, don haka ku ji daga bakina.

Jikokina sun tashi sun tarar ana tuƙi a hannun dama, to ku tuna a zamanin Turawan Ingila hagu ake bi a ƙasar nan. Sai ka ƙetare iyaka ka shiga ƙasar da Faransawa suke mulka, wajen Damagaram, sannan ka koma dama. Ni a Kano na koyi mota, kuma ban samu lasin da sauƙi ba. Baturen da ya gwada ni ya zauna kusa da ni da sanda a hannu, in na kuskura na matsa tsakiyar titi sai ya buga mini ita a gwiwa. Sai da na haddace musu dokokinsu kamar karatun allo: ka riƙe hagu, ka yi ham kafin kwana, ka fitar da hannu kafin ka juya, kada ka wuce mota a kan gada. Sau da yawa ya mayar da ni, har ranar da ya ga dama ya sa hannu. Ban taɓa jin haushin wannan ba, don mota ba abin wasa ba ce. Abin da yake ci mini rai har yau shi ne, wannan doka da aka dasa mini da sanda, ba a iya buɗe baki an faɗa wa baƙo ita ba, don kawai fatarsa fara ce.

A shekarar da nake ba ku labari ina jan babbar motar Alhaji Tanko, wani falke a Haɗeja. Da kaka, in ruwa ya ja baya hanya ta bushe, nakan shiga Guri in ɗauko gyaɗa da bandan kifi in kawo gari, daga nan a wuce da su tashar jirgin ƙasa. Hanyar Guri a lokacin ba irin ta yanzu ba ce. Ƙasa ce aka tara aka yi tudu a tsakiyar fadama, ruwa dama ruwa hagu, faɗinta da kyar motoci biyu su gifta juna. Duk direban da yake bin ta ya san halinta. Ya san gefenta laushi gare shi bayan ambaliya, in ka ɗora masa tayar mota mai kaya zai zabge. Ya san da hantsi Fulani suke ƙetarar da shanu, jaki kuma bai san ham ba, mace mai tulu a ka ba ta iya waiwaye da sauri. Ya san ƙaramar mota ita take tsayawa ta ba mai kaya hanya. Ba wani ilimi ne mai zurfi ba, in ka zaunar da baƙo kafin ya gama shan shayi ka gama gaya masa.

Baturen da yake mulkin yankinmu a lokacin, Di'o ke nan, muna kiransa Dogon-Wuya, sunansa na gaskiya kuwa ban taɓa riƙewa ba. A kakar nan ya yi baƙo, wani Bafaranshe mai sayen fatu daga Damagaram, wanda ya zo da 'yar ƙaramar motarsa don harbin tsuntsayen ruwa, dinya da kirinjijiya, a fadama. Na fara ganinsa ne a bakin kantin da muke sayen fetur a garwa. Ya fito daga kanti ya hau motarsa, ya miƙe ta hannun dama kamar a garinsu, ya tarwatsa jakunan masu itace, yana ɗaga musu hannu yana dariya. Sitiyarin motar ma a ɗaya gefen yake. Malam Bukar, masinjan Di'o kuma tafintansa, yana tsaye a wurin, sai na matsa kusa da shi.

Na ce, "Malam Bukar, baƙon nan naku dama yake bi. Ka gaya wa maigidanka ya faɗa masa, ko a haɗa shi da wani ya zauna kusa da shi. In ya shiga hanyar Guri a haka za a yi ɓarna."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ni zan koya wa Bature tuƙi? Su suka ƙera motar, Haruna. Kai dai ka ji da taka."

Na ce, "Ba tuƙi za ka koya masa ba. Kalma ɗaya ce, hagu."

Ya ce, "To je ka bariki ka faɗa masa da kanka, in an bar ka ka shiga."

Ya san ba za a bar ni ba. Direban gyaɗa ba ya wuce ƙofar bariki sai in an aiko a kira shi.

Bayan 'yan kwanaki na yi lodi a Guri. Ya'u, wan uwarku Hansatu, masunci ne, mutum mai sanyin hali da iyali a wuyansa. Ya kawo kwandunan bandansa zai kai kasuwar Haɗeja, na ce ya shigo gaba mu zauna, ya ce a'a, zai hau saman kaya ya kula da kifinsa kada rana da hankaki su yi masa ɓarna. Muka taso da hantsi, da wasu 'yan fasinjoji a cikin motar. Akwai wata kwana da kaba ta rufe, ba ka ganin abin da yake tahowa. Na rage gudu, na yi ham, na manne a hannuna na hagu. Ina karya kwanar sai ga motar Bafaranshen nan a gabana, a kan hannuna, da gudu. Na taka birki na ƙara matsawa hagu, kamar yadda aka koya mini, shi kuma ya fizge zuwa damansa, kamar yadda aka koya masa. Damansa ita ce haguna. Duk inda na kauce nan yake kaucewa. Da na riƙe sitiyari na miƙe, da motata ta bi ta kansa ta niƙe shi da shi da bindigoginsa, don nauyin da nake ɗauke da shi ba na wasa ba ne. Ban miƙe ba. Na ba shi hanyar gaba ɗaya, gefen tudun ya zabge, motar ta kwanta cikin ruwa.

Ruwan ko ƙugu bai kai ba. Amma buhunan gyaɗa sun zubo a kan Ya'u sun danne shi a ciki. Na fito ta taga da jini a fuska ina kiran sunansa. Wani Bafulatani mai suna Buba, wanda yake kiwo can nesa a kan tudu, ya yar da sandarsa ya rugo, muka shiga janye buhu. Bafaranshen ma ya tsaya, wannan ba zan ɓoye ba. Ya shigo cikin ruwan da takalminsa yana ja tare da mu. Kafin mu kai ga Ya'u rai ya yi halinsa. Muka fito da shi muka shimfiɗe a kan hanya, Buba ya cire mayafinsa ya rufe shi. Baturen nan ya durƙusa cikin taɓo, ya yi magana da Hausar Damagaram, ni na ji, Buba ya ji, sauran fasinjoji suka ji.

Ya ce, "Laifina ne. Na manta. A wurinmu dama ne. Ba wanda ya tuna mini."

Ya ce zai je ya gaya wa Di'o da bakinsa, ya hau mota ya tafi. Na yarda ya je, kuma na yarda ya faɗa. Amma kafin mu dawo daga jana'iza a Guri, an riga an sallame shi ya koma ƙasarsu. Ni kuwa ɗan doka ya zo ya tafi da ni, Alhaji Tanko ya tsaya mini aka bar ni in zauna a gida kafin ranar shari'a.

Wata rana bayan la'asar Alhaji da Malam Bukar suka yi sallama a zaurena. Malam Bukar ne ya kawo maganar, yana yi yana kallon ƙasa. Ya ce Di'o ba ya son abin ya yi tsawo, don in sunan baƙo ya fito magana za ta kai Kano, ta kai ga Faransawa, ta zama ta manya. Ya ce akwai hanya mai sauƙi. In na tsaya gaban Di'o in ce shanu ne suka faɗo mini a kwana, na kauce musu. Za a kira Bafulatanin da yake kiwo a wurin a ci shi tara a kore shi daga fadamar, ni kuma in riƙe lasina. Har ya ƙara da cewa direban Di'o ya tsufa, ana neman wani.

Na ce, "Buban da ya cire mayafinsa ya rufe Ya'u?"

Alhaji ya ce, "Bafulatani ne, Haruna, yau yana nan gobe yana Borno. 'Yan shanu za a karɓa, ba ransa ba. Kai kuwa iyali gare ka. Wanda ya mutu ya mutu, ba abin da zai dawo da shi."

Na dubi Malam Bukar na ce, "Ka tuna abin da na gaya maka a bakin kanti?"

Ya ce, "Ban tuna mun yi wata magana ba."

Ya faɗi haka ido cikin ido. Mutumin da muke sahu ɗaya a masallaci.

Da suka tafi na shiga cikin gida, na tarar duk an ji, don zauren ba shi da nisa da tsakar gida. Iya, mahaifiyata, tana zaune a bakin murhu, Hansatu tana ƙofar ɗaki da goyon babbanku. Tun rasuwar wanta ba ta yi mini wata doguwar magana ba, ta kawo abinci ta ajiye ta koma. Iya ce ta fara.

Ta ce, "Ka karɓa. Ubanka ya mutu yana ɗaukar ƙasa a ka don a yi hanyar nan, ba wanda ya tambaye shi ko yana so. Kai Allah ya ɗaga ka ka hau mota. Ka taɓa ganin wanda ya ja da Bature ya ci? Ka ce shanu ne, Allah ya san zuciyarka."

Na ce, "Iya, rantsuwa za a ba ni."

Ta ce, "Rantsuwar gaban kafiri? Ka yi kaffara daga baya. Yunwa za ka jawo wa yaran nan."

Ba na ganin laifinta. Ta ga abin da ban gani ba a farkon zuwan Turawa, tsoronta na gaskiya ne. Kuma kada ku zaci ban ji kwaɗayin abin ba. Direban Di'o yana da kaki, yana da albashi, ɗan doka yana gaishe shi a hanya. Ina nan tsaye sai Hansatu ta yi magana, ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma dubi Iya ba.

Ta ce, "Maigida, in 'ya'yan Yaya Ya'u suka girma suka tambaye ni abin da ya kashe ubansu, saniya zan ce musu? In ka faɗi haka a gaban Bature, ka fara mayar da ni Guri tukuna. Ba zan iya dafa abincin da aka saya da wannan ba."

Iya ta ce, "Ke kin samu bakin magana, don ba ɗanki za a ɗaure ba."

Hansatu ta ce, "Mijina za a ɗaure, Iya. Wana kuma aka binne."

Daga ranar har Iya ta bar duniya, tsakaninta da uwarku gaisuwa ce kawai.

Ranar shari'a aka kai ni ofishin Di'o. Yana zaune bayan tebur, Malam Bukar yana tsaye gefensa yana fassara. Ba a kira Buba ba, ba a kira ko ɗaya daga cikin fasinjojin ba. Aka ce in faɗi abin da ya faru, na faɗa tiryan-tiryan, na ambaci motar baƙo, na ambaci hannun da take, na faɗi abin da ya ce a durƙushe. Ban sani ba ko Malam Bukar ya juya duka, don nakan yi magana mai tsawo shi ya yi gajeriya. Dogon-Wuya ya saurara yana juya alƙalami a hannu. Da na gama ya ce ba a shari'a da wanda ba ya nan, mutumin da nake magana a kansa ya bar ƙasar. Sannan ya yi mini tambaya ɗaya.

Malam Bukar ya ce, "Wai motarka ta taɓa tasa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ta taɓa ba. Kauce masa na yi."

Suka yi magana da Turanci, sai Malam Bukar ya juyo ya ce, "Wai tun da ba ku haɗu ba, to kai ka sauka daga hanya da kanka. Ba shaidar wata mota a jikin taka."

Ku tsaya ku auna wannan. Da na bi ta kansa, da akwai shaida, ƙarfe a jikin ƙarfe, a kan hannuna na hagu inda kowa zai gani. Don na bar masa ransa shi ya sa ba ni da hujja. Na ce a je a duba sawun taya, aka ce shanu sun tattake. Na ce a kira Buba, aka ce ba a san inda yake ba, alhali rugarsa tana nan inda take. Na fara ɗaga murya, ɗan doka ya dafa kafaɗata. Di'o ya yi rubutu ya rufe, aka ce na yi tuƙin ganganci da ya jawo asarar rai, an soke lasina har abada, kuma zan yi zaman gidan yari.

Daga kakar nan har saukar damina ina ɗaure. Aikin fursuna a lokacin gyaran hanya ne, kuma cikin wuraren da aka kai mu har da kwanar nan. Ni na ɗauki ƙasa a kwando na cike gefen da ya zabge, gandiroba yana tsaye a kaina. A gida kuwa abin da Iya ta faɗa bai faɗi ƙasa ba. Alhaji ya ɗauki wani direba, bai sake leƙo zauren ba. Hansatu ta shiga dakau a gidajen mutane, hannunta ya yi kanta ya farfashe, ta sayar da kwanukan aurenta ɗaya bayan ɗaya. 'Yar'uwarku da aka haifa ina gidan yari ba ta yi kwana da yawa a duniya ba, ban ga fuskarta ba. Da na fito, akwai ranar da muka wuni ba a ɗora tukunya ba, uwarku ta zauna ta ce mini da ta sani da ta yi shiru ranar nan. Na ce kada ta sake faɗin haka, ba ita ta yanke ba, ni na yanke. Ba ta sake ba. Amma na san ta ci gaba da faɗa wa kanta.

Abin da ya fi ɗaurin ciwo shi ne gari. Mutanen da suka san ni tun ina yaro, suka san ban taɓa taka ko kaza ba, su ne suka ɗauki hukuncin Bature suka mayar da shi labari. In an ce ai akwai wata mota, sai a ce to me ya sa Di'o bai faɗa ba? Fasinjojin da suka ji Bafaranshen da kunnensu, in an tambaye su sai su ce su dai sun ga mota ta faɗi. Tsoro ne, na sani, amma tsoronsu a kaina ya ƙare. Mutum ɗaya ne ya tsaya, shi ne wanda ya fi kowa hujjar ƙina, surukina Baba Sale, uban Ya'u. Ashe tun ina ɗaure ya taka da ƙafarsa har rugar Buba ya zauna ya ji komai. Da na fito ya aiko a kira ni Guri. Na je ina jin nauyin haɗa ido da shi. Ya kai ni bakin wata gonar fadama da take gefen hanya.

Ya ce, "Ta Ya'u ce. Ba mai noma ta. Ka noma, ka ci da naka da nasa."

Haka na zama manomin shinkafa, ni da na saba da sitiyari. 'Ya'yan Ya'u a hannuna suka tashi tare da ku, kun san su, ku tambaye su ko sun taɓa jin wani bambanci.

Kaka ta sake zagayowa, muna yankan shinkafa a gonar nan, Hansatu ta kawo mini fura da hantsi. Sai muka ji ƙarar mota daga wajen Haɗeja. Na ɗaga kai. Ita ce, 'yar ƙaramar motar, da sitiyarinta a ɗaya gefen, bindigogi a baya. Dogon-Wuya ya sake gayyatar abokinsa harbi. A wannan karon Malam Bukar yana zaune kusa da shi yana nuna masa hanya. Tafiya yake a hankali, ya yi ham tun kafin kwana. Da ya zo daidai da mu ya ga manoma a bakin hanya, sai ya fito da hannu ya ɗaga mana yana murmushi, irin yadda suke yi wa kowa. Ya dube ni sosai, bai gane ni ba. Malam Bukar ya gane ni, ya juya fuska wajen ruwa.

Lauje yana hannuna, sai na sake shi ya faɗi cikin shinkafa. Hansatu ba ta taɓa ganin mutumin ba, amma ta ga fuskata.

Ta ce, "Shi ne?"

Na ce, "Shi ne."

Ta bi motar da kallo har ta shige bayan kaba. Sannan ta ce, "Wane hannu yake bi?"

Na ce, "Hagu."

Ta ce, "Ashe ana iya gaya masa."

Ta ajiye ƙwaryar furar a gabana, ta juya ta kama hanyar gida. Ni kuma na sunkuya na laluba laujena cikin ruwa, don akwai sauran yanka, kuma bakuna da yawa suna jira.